Shekarar da Baba Ya Ƙi Cin Sabuwar Doya

A shekarun da tireloli ke jigilar kujeru da takardun gwamnati daga Legas zuwa Abuja, mu ma muka yi tamu ƙaurar, a akori-kura guda. Ƙauyen mijina ya faɗa cikin taswirar sabon birni, sai muka koma kusa da dangi a gefen Kurudu. Ƙasar ta karɓe mu hannu bibbiyu. Tun daminar farko doya ta yi kyau, har maƙwabta na zuwa kallo.

Surukina ne kaɗai bai ji daɗin abin ba. Baba shi ne mai yanka na gidansu tun kafin a haifi mijina. Kowace shekara, kafin ya sa sabuwar doya a baki, sai ya hau dutsen bayan gari ya yanka kaza, ya sake ta tana shure-shure. In ta mutu a rigingine, an karɓa ke nan, gida ya tsira har baɗi. In ta kife, sai a nemo wata. Yanzu kuwa an kewaye dutsen da waya, ana fasa shi don tsakuwar titi.

Mu sauran duka Kirista ne, mun ci doyarmu da addu'a mun sha ruwa. Baba ya ce shi ba zai taɓa ba. Kunun tsohuwar dawa kawai yake sha, ita ma ta kusa ƙarewa a buhu. Cikin sati uku wuyansa ya yi tsawo, wando na zame masa. Ni ce mai girki a gidan, ni kuma baƙuwa ce, ba Gbagyi ba, don haka na san bakin da za a yi: ta bar tsoho da yunwa. Amma ba surutun ne ya fi damuna ba. Ina son tsohon nan, kuma ina kallo yana ƙarewa.

Ba wai bai san coci ba. Ya shekara biyu yana bin mu, yana zama a bencin baya yana gyangyaɗi. Sai an shiga Tsohon Alkawari, wajen raguna da bijimai da yayyafa jini, nan ne zai miƙe wuya. A hanyar gida ya ce da ni da gurguwar Hausarsa, "Amarya, waɗannan mutane ya san aiki." 'Ya'yana biyu a lokacin, amma Amarya nake a bakinsa.

Fasto ya zo har gida, ya yi masa bayani mai tsawo a kan tsohon alkawari da sabo, da yadda inuwa ke shigewa in ainihin abu ya iso. Baba ya saurara da ladabi, ya sa aka ba shi doya biyar, ya raka shi bakin hanya. Da yamma ya sha kununsa.

Wata Asabar da rana na daka sakwara, na yi miyar agushi da busasshen kifi, na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya tura kwanon da bayan hannu. Haƙurina ya ƙare.

"Baba, sai ka mutu mini a hannu? An riga an yi yankan! Almasihu ya ba da jininsa sau ɗaya, ya isar wa kowa. Sabon alkawarin ke nan."

"Na ji wannan a bakin Fasto," in ji shi. "Yanka ba wuya, Amarya, ko yaro zai iya. Ni tambayana ɗaya. Wa ya gani an karɓa?"

Ashe abin da ke cinsa ke nan, duk cikinmu ba wanda ya tambaye shi. Ni ban yi makarantar Littafi ba, aji shida na tsaya. Na faɗi abin da ya zo mini kawai.

"Ai an binne shi, Baba, a rana ta uku Allah ya tashe shi. Mata ne ma suka fara gani. Da ba a karɓa ba, da yana nan kwance."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Kaji na kiwo a gefenmu, can nesa ana jin ƙarar katafila.

"Ya tashi da ƙafansa?"

"Da ƙafarsa. Har ya ci abinci da mutanensa."

"Kuma baɗi ba a sake wani?"

"Ba a sakewa, har abada."

Ya ja dogon numfashi. Ya ce duk shekarun da ya yi yana hawa dutsen nan, bai taɓa hawa da kwanciyar rai ba. Kullum gabansa na faɗuwa, don in kazar ta kife, ran mutum talatin na wuyansa. Ban taɓa sanin haka ba. Na ɗauka jin daɗin girman yake yi.

Sai ya ce in kawo ruwa. Na zuba masa, ya wanke hannu a hankali, yatsa bayan yatsa. Ya gutsiri sakwarar, wadda ta riga ta huce, ya dangwala miya. Ya kai baki. Ya haɗiye, ya ɗan jira, yana sauraro kamar mai jiran tsawa. Ba abin da ya faru.

"To," ya ce, "ashe an sauke mini kaya. Amarya, ƙaro miya."