Ɗiyar Fari a Taron Isa

Uwata ta gan ni a hannun baƙo, ina kuka majina har baki, ta tsaya taku goma daga inda nake tun azahar har la'asar, ba ta ce tata ce ni ba. Wannan shi ne abin da nake riƙe da shi, kuma ba za ni ɓoye ba don ta rasu. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta, amma abin da ya faru ya faru. Kwana uku ne bayan Sallar Layya, shekara biyar ko shida kafin Turawa su tafi, ina da kamar shekara takwas, a wani fili bayan kasuwar Isa. Ban san lambar shekarar ba, don a lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa rubutuna yake tafiya kamar maganata.

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu. Ubana Bagobiri ne, manomin gero da dawa a Kamarawa, uwata kuwa Bafulatana ce daga wata ruga wajen Kurawa, fara, siririya, marar yawan magana. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi, uba ma haka. Kunya ake ce wa abin, kuma wadda ta fi iya ta ita ce mai tarbiyya. To Inna ta haɗa ta Gobir da ta Fulani, ta ɗora a kaina ni kaɗai. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Gwaggo Ige, yayar ubana, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida. A can nake kwana, a akushinta nake ci, ita ke yi mini kitso tana ranƙwashina. Aiki kuwa na Inna nake yi: ni ce ɗebo ruwa, ni ce surfe, ni ce tsince tsakar gida da share gindin rumbu, ni ce kai wa ubana fura gona da damina, in dawo in goyi ƙanwata Ladi har in je gaɗa da ita a baya. Duk wannan aikin da kalma ɗaya ake sa ni. "Ke." In kuma da wani take magana a kaina, sai ta ce "wagga yarinya", tana duban wani wuri. Ban taɓa jin zafin abin ba, don haka na ga ana yi wa kowace ɗiyar fari a unguwarmu. Har tsokanar juna muke yi a wurin 'yar carafke, mu ce mu ne marasa suna.

Tun kafin Sallah labari ya cika ƙauye cewa hukuma za ta tara mutane a Isa, a nuna shanu da damman hatsi, a yi wasanni kwana biyu. Ubana ba mai son taro ba ne, Gwaggo ce ta matsa masa, ta ce ita ba ta mutuwa ba ta ga lilon da ake ta faɗi ba. Muka yi asubanci da jakai biyu, da guzurin soyayyen naman layya a cikin ƙwarya, ni da sabon zanen saƙi da ya yi mini yawa har sai da aka naɗa shi sau biyu. Inna ta goya Ladi, ta ƙi hawa jaki, ta bi mu a ƙasa.

Ban taɓa ganin mutane irin na ranar ba. Na Sabon Birni, na Shinkafi, Buzaye da raƙumansu, mutanen ƙasar Faransa da suka ƙetaro iyaka, kowa da kayan Sallarsa, ba wurin da za ka sa ƙafa ba ka taka ta wani ba. Nan masu wasa da kura, can gardawa da macizai, gaba kaɗan 'yan kama sun sa mata dariya har suna riƙe ciki. An kewaye fagen kokawa, ganguna na tashi ba ka jin maganar na kusa da kai. Wani mutum ya aza garmaho a kan tebur, tsofaffi na leƙa ƙarƙashin teburin suna neman mai waƙar. Bature guda na gani, a zaune cikin inuwa da jar fuska, ana jawo masa bijimai yana dubawa. Ubana ya ce a haɗu gindin wata tsamiya da la'asar, ya nufi fagen kokawa. Inna ta zauna wurin 'yan'uwanta masu nono. Ni kuwa Gwaggo ta riƙe hannuna muka tafi neman lilo.

Ba irin lilonmu ne na igiya a reshe ba. Wasu kafintoci ne daga kudu suka kafa shi, ƙaton abu na katako kamar ƙafar keke a tsaye, ya fi rumbu uku tsawo, da akwatuna huɗu a rataye, ƙarti biyu na juya shi da ƙarfin damtse. Layi ya miƙe kamar ba shi da ƙarshe. Muka tsaya tun hantsi, rana na dukanmu, ana turawa ana zagi, wata mata ta suma aka yayyafa mata ruwa ta tashi ta koma wurinta. Da muka iso gaba Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi abin da kyau, ta ce, "Wallahi ba da ni ba. Allah bai yi ni tsuntsuwa ba." Aka cusa ni cikin akwati da wasu yara uku. Da ya ɗaga sama na ga rufin kasuwa duka, na ga gulbi yana walƙiya can nesa, na ga rawuna da kallabai kamar an watsa wake a tabarma. Sau biyar ya juya. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, kuma ba na jin kunyar faɗi. Sai dai ta wancan gefen aka sauke mu, ba ta inda muka shiga ba, kuma daidai lokacin wani bijimi ya tsinke igiya, taro ya watse ya sake haɗuwa. Na nemi Gwaggo na rasa.

Wani ɗan doka ne ya tsince ni ina ta zagaye ina kuka, ya kai ni wata rumfar zana inda ake tara yaran da suka ɓata. Mun kai goma a ciki. Mai tsaron rumfar wani akawu ne mutumin kudu, da gajeren wando da dogayen safa, Hausarsa a karkace. Ba mugu ba ne, har ruwa ya ba ni. Ya tambayi sunana na ce Hajaru, ya rubuta. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya zo ɗaukar yaro sai ya faɗi sunan da ke cikin takarda, yaron kuma ya yarda nasa ne. An ce a wani taro wata ta taɓa tafiya da ɗan da ba nata ba. Ina zaune uwaye suna zuwa da gudu, wata ta ce "Sa'adu!", wata ta ce "Rabi, don ubanki ina kika shiga?", a rungume, a mare, a tafi.

Ana kiran azahar sai ga Inna. Ba kallabi a kanta, takalmi ɗaya a ƙafa, Ladi na ta tsala ihu a bayanta. Ashe Gwaggo ta je ta gaya mata, suka rabu kowa ta kama gefe guda tana nema. Na miƙe na ce, "Ga uwata!" Akawu ya dube ni, baƙa da tsagen Gobir a kumatu, ya dubi farar Bafulatana da ba ko ɗigo a fuskarta.

"Mama, yaro naka ne?"

Inna ta dubi ƙasa. Can ta ce, "Ta gidanmu ta."

"To faɗi suna, ka ɗauka."

Mata suka fara taruwa. Wata tsohuwa mai tuyar masa a gefen rumfar ta gane abin nan take, ta ce, "Malam akawu, ɗiyaf fari ta, ba ta iya faɗi. Ba ta abinta." Ya ce shi oda aka ba shi. Tsohuwar ta juyo gare ni ta ce, "Ke ɗiyata, mi sunanki?" Na buɗe baki na faɗa da ƙarfi, har na bayan rumfa suka ji. Ta tafa hannu ta ce, "To ga shi na faɗi, Hajaru. Jikata ta, ba ni ita." Aka yi dariya. Akawu ya gaji, ya tambaye ni ko kakata ce. Da na ce i, da magana ta ƙare, tsohuwar ta miƙa ni ga Inna a bayan rumfa. Na san haka sarai, shekara takwas ba jaririya ba ce. Amma na ce, "Ban san ta ba. Ga uwata can." Sunan nan ya riga ya faɗi ƙasa, kowa ya ji shi, maimaitawa kawai Inna za ta yi. Na zuba mata ido. Na ga leɓenta ya motsa, ta dubi matan da suka kewaye ta, cikinsu har da Fulanin rugarsu, sai ta ja da baya ta tsaya.

A nan ta tsaya, a rana, ga inuwar bishiyar bedi kusa ba ta shiga ba don daga can ba a hango cikin rumfar. Ba ta zauna ba, ba ta yi sallar azahar ba, ita da ba ta wasa da salla. Ta kwance Ladi ta ba ta nono a tsaye. Ta sayi masar tsohuwar nan, ta sa aka miƙo a faifai, ta ce a ba "yaran can". Sauran suka ci, ni na ture. Ta aiki wata mai fura 'yar ƙauyenmu ta nemo ubana a fagen kokawa. Ya zo, na hango hularsa, na ce to yau an gama. Ya tsaya bayan mutane ya ji yadda ake ciki, sai ya juya da sauri ya tafi neman yayarsa. Mutum biyu da suka haife ni suna cikin filin nan, da lafiyarsu da bakinsu, ina zaune a tabarmar hukuma har rumfar ta rage ni kaɗai.

Gwaggo ta iso da la'asar tana haki. Tun daga nesa take ihu, "Hajaru! Hajaru, baƙar ja'ira!" Akawu ya ja layi a takardarsa. Inna ba ta matso ba, ta juya ta kama hanyar tsamiya, muka bi ta. A hanyar gida na ga tana ɗingishi, ƙafar da ba takalmi ta fashe. Na gaya wa Gwaggo abin da ke cina, ta ce, "Rufa mini baki. Uwakki ta yi abin da anka yi mata. Wadda ba ta sonki ba ta shan rana haka." Na ce akawu bai tambayi rana ba, suna ya tambaya. Na sha ranƙwashi.

Yanzu jikokina kan kai 'ya'yansu wuraren wasa a Sakkwato, lilon ƙarfe mai tafiya da lantarki, in yaro ya ɓata a faɗi sunansa a lasifika uwar ta zo tana kuka ba mai duban ta. 'Yata ta fari kuwa tun ranar suna nake kiranta, a kasuwa, a gidan biki, har surukata ta ce ba ni da kunya, na ce na ji. Ban ce a dawo da waccan al'ada ba, ta tafi ta huta. Amma na tsufa na ga uwaye masu kiran suna sau ɗari a yini waɗanda ba za su iya tsayuwar sa'a ɗaya a rana don ɗa ba, kuma akwai safiyar da nake farkawa ina son in ji an ce "ke" da waccan muryar. Wannan hankalin tsufa ne. A lokacin ban da shi.

Washegari da sassafe ban ɗauki tulu ba. Na zagaya bayan gida inda shanunmu uku suke, na tarar da Inna a tsugune da ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, ta ɗaure ƙafar da tsumma. Saniya ba ta sakin nono sai an fara sakar mata ɗanta ya tsotsa, kowa ya san wannan. Inna na shafa cikin farar saniyarta tana kiranta da Fulatanci, Raneye, Raneye, a hankali kamar waƙa. Ba kowa a wurin sai mu. Na kwance maraƙin daga turke, maimakon in sake shi sai na naɗe igiyar a hannuna sau biyu, na dafe ƙafa.

"Ke, sako shi."

"Saniya ma da sunanta a bakinki. Ba ni sakinai sai kin kira ni."

Maraƙi na fizga, igiya na cin hannuna, saniya na kuka tana waiwaye. Inna ta duba hagu, ta duba dama, ta duba ƙofar danga. Mun daɗe a haka, ƙwarya ba ko ɗigo. Sannan ta kifa goshinta a jikin saniyar, ba ta dube ni ba, ta faɗa can ƙasa-ƙasa kamar da saniyar take.

"Hajaru."

Na saki igiyar.