Ƙaramar Kwamfutar Da Na Ɓoye A Cikin Sif

Edita, ina roƙon a buga wannan ba tare da sunana ba. A lokacin da abin ya faru ina ɗan shekara ashirin da biyar, na gama difloma a fannin kwamfuta, ina aiki a wani shagon buga takardu a Gusau. Kullum da safe in hau motar haya daga Bungudu, da yamma in koma gidanmu, inda nake da ɗakin samari a gefen zaure. Duk wanda wayarsa ta rikice a unguwarmu ni ake kawo wa, har matan maƙwabta suka sa mini suna Injiniya, ni kuwa in amsa ba kunya. Gaskiyar magana ina ji da kaina a lokacin. Gani nake a duk gidanmu babu mai wayona, kuma wannan tunanin ne ya kai ni ya baro.

Tun ina makaranta nake son wasan kwamfuta, irin wanda ba kowace kwamfuta ke iya ɗauka ba, kuma burina in haɗa tawa da hannuna. Matsalar ita ce Baba. Mahaifina manomi ne, gonarsa tana wajen Furfuri, mutum ne marar yawan magana, kuma ba ya maimaita umarni. Wata rana muna zaune a zaure ya ce ya ga yadda gidajen gem suka lalata 'ya'yan mutane, a kira salla suna zaune, damina ta zo suna zaune, don haka ba ya son a shigo masa da wannan abu gida. Sau ɗaya ya faɗa. Na sunkuyar da kai na ce to, amma a raina na ce tsoho ne bai gane zamani ba. Daga ranar na ƙudurta zan haɗa kwamfutar, kuma zan haɗa ta yadda ba zai taɓa ganin ta ba.

Na ɗauki kusan shekara ina tara kayan ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu na hannu. Da ya rage saura akwatin da ake jera kayan a ciki, wanda masu gyara ke kira kesin, sai na je wurin wani dattijo mai gyaran kwamfuta a kasuwar Gusau. Kafin in tafi har na auna cikin sif ɗin tufafina da zare, na ƙulle zaren na sa a aljihu. Malamin ya fito mini da akwati biyu. Ɗaya babba ne, tsayinsa kamar jarkar ruwa, gabansa duk raga, da gurbin fanka uku. Ɗayan kuwa da kaɗan ya fi kwalin takalmi, baƙi wuluk, kyakkyawa. Ko kallon babban ban yi ba, na ciro zarena na gwada ƙaramin, ya shiga daidai. Malamin ya tsaya yana kallona, sannan ya tambaye ni inda zan ajiye ta da irin rufin ɗakina. Ya ce katin da na saya, wanda ke fitar da hoton wasa, abu ne mai cin wuta da fitar da zafi sosai, kuma ƙaramin akwati ba ya karɓa sai ƙaramar na'urar rarraba wuta. Mai kyau a cikin irinta babu ita a hannunsa, sai dai a yi saƙo Kano in jira mako biyu. Ya ce a zafin garinmu, in da ɗansa ne, babban zai sa ya ɗauka. Na dube shi ido cikin ido na ce ɗakina akwai na'urar sanyaya ɗaki, alhali rufin kwano ne ko silin babu.

Ban iya jiran mako biyu ba. Na zagaya wani shagon na sayi wata tsohuwar na'urar rarraba wuta da ko sunan kamfani babu a jikinta. Da na zo haɗawa sai na tarar ba ta da wayar da ke shiga katin. Na koma wa Malamin don ya yi mini dabara, ya ce shi kam ba zai sa hannunsa a wannan ba, don wuta ba abokiyar wasa ba ce. Na fita ina ƙunƙuni, wai tsofaffin masu gyara tsoro ya yi musu yawa, na sayi wata siririyar waya ta jona na haɗa da kaina. Katin kuma ya ƙi zama sai da na cire fanka ɗaya daga cikin biyun da akwatin ya zo da su. Da na danna ta kama, sai na ji kamar ni na ƙirƙiro lantarki. Na huda bayan sif na zura waya, na kwantar da kwamfutar a ƙasan manyan rigunana. Allon kallo kuwa na bar shi a fili kan tebur, na ce wa 'yan gida na aikin shago ne.

Wata uku ina cin karena babu babbaka. Idan zan yi wasa sai in kulle ɗaki, in buɗe ƙofofin sif, in sa abin ji a kunne. Gidanmu da sola muke amfani, wadda yayana ya sa, kuma ƙarfinta da tsakar rana yake, don haka ranakun hutu a daidai lokacin da kwano ke tafasa nake kunna kwamfutar. Ba zan ce ba ta gargaɗe ni ba. Fankar takan yi ƙugi kamar injin niƙa, sau biyu ta mutu da kanta ana tsakar wasa, wani lokacin kuma in ji ƙauri irin na roba. Sai in kashe ta huce, in ce ai bazara ce, da damina ta sauka komai zai daidaita.

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, Baba ya gama gyara iri yana jiran ruwan shuka. Akwai ɗaurin auren abokina a Tsafe bayan azahar. Da hantsi na buɗe wasan sai ya ce akwai sabon ƙari da zai sauke, mai girma. Na ce bari ya fara kafin in shirya. Ina cikin sa hula na ji gyaran muryar Baba a zaure, a daidai lokacin kuma abokaina suka fara danna mini ham a waje. Cikin gaggawa na kashe allon, na tura ƙofofin sif na rufe, rigunan suka sauko a kan kwamfutar. Ban so mu haɗu da Baba ba, don na san fuskata za ta tona ni, sai na laɓe har na ji ya shiga cikin gida, na kulle ɗakin na sulale ba sallama. Inna kaɗai ta san da tafiyar, tun daren jiya na faɗa mata.

Sai da aka idar da salla a Tsafe, muna tsaye a rana ana jiran liman ya ɗaura auren, gumi na bin bayana, sannan abin ya faɗo mini. Allon na kashe, kwamfutar tana kunne. Wasan a buɗe yake, sif a rufe, ɗaki a kulle, makulli a aljihuna. Daga Tsafe sai na ratsa Gusau kafin in kai Bungudu, motar da ta kawo mu kuma ba za ta tashi ba sai an ci abinci. Na zame daga taron na kira Inna. Abin da ya kamata in ce bai fi kalma biyar ba, ta je ta kashe inbata, shi ke nan, wutar solar gidan duka ta ɗauke. Amma na san za ta tambayi dalili, don ƙanƙarar da take sayarwa tana cikin firji, kuma abin da ya shiga kunnen Inna ya shiga na Baba. Sai na ji kaina ina tambayar ta lafiyar gida, da ko sola na aiki. Ta ce lafiya lau, wuta kamar ta yi magana, Babanku ma yana zaure yana ɗaura wa fartanya ƙota. Ta ji muryata ba daidai ba, ta tambaye ni ko wani abu ya faru. Na ce babu komai, gaisuwa ce kawai. Na kashe wayar.

Ban tsaya ɗaurin auren ba, na nufi tasha. Motar Gusau saura mutum biyu ta cika, direban kuwa yana can gindin bishiya yana shan fura kamar ba gobe. Ina zaune a kujerar baya ina ta lallashin kaina, ai ta saba mutuwa da kanta in ta yi zafi, wataƙila tuni ta mutu. Da muka kama hanya na lalubo lambar Baba har sau uku, sau ɗaya ma na danna, kafin ta shiga na katse. Kowane shingen jami'an tsaro muka tsaya sai in ji kamar in fita in ruga da ƙafa. Muna shiga Gusau wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce, tana kuka ana ihu a bayanta, ta ce ɗakina ya kama da wuta, kuma an fita da Baba asibiti.

Daga baya na ji yadda aka yi. Baba ne ya fara ganin hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofata. Da yake bai ga fitata ba, kuma ya san na saba kulle kaina a ciki da rana, sai ya ɗauka barci nake yi. Ya ɓalle ƙofar da fartanyar da ke hannunsa, ya shiga cikin hayaƙin yana kiran sunana yana laluben katifa. Sif ɗin da ke ci da wuta ya rinjayo kansa, ya tare da hannun dama, narkakkiyar roba da shadda suka manne masa. Kafin Inna ta fito da gudu ta ce ai ina Tsafe, aikin gama ya gama. Maƙwabta suka kashe wutar da ruwa da ƙasa, Allah Ya taƙaita ba ta tsallaka ɗakin hatsi ba. A cikin tokar suka tsinci ƙaramin baƙin akwatin ya lanƙwashe, kowa na tambayar mene ne.

Na same shi a asibiti a Gusau an naɗe hannun har gwiwa. Da ya gan ni sai ya yi hamdala. Kwana tara ya yi, ni ke kwana da shi, kullum ina jiran faɗa, faɗan bai zo ba. Ruwan shuka ya sauka yana kwance, ni da yayana muka yi shukar, karon farko da aka shuka gonarsa ba da hannunsa ba. Ranar da za a sallame shi, ina naɗe tabarma, ya kira ni ya ce Innata ta faɗa masa na buga waya ana saura kusan awa guda wutar ta tashi. Ya ce saɓa masa da na yi na shigo da abin, wannan ƙuruciya ce, ya yafe. Sannan ya ɗago ya dube ni ya ce, “Amma da kak kira, kana sane, mi yah hana ka hwaɗi?” Har yau ban samo amsar da zan iya faɗa masa ba, don amsar ita ce na fi tsoron ya ga kwamfutata a kan abin da zai iya samun sa, kuma wannan ba maganar da ɗa zai iya furtawa a gaban ubansa ba ce.

Ba na rubuto don in ce wasan kwamfuta haramun ne ba, ko ƙaramin akwati mugun abu ne. Akwai masu amfani da shi lafiya, sun sayi kayan da suka dace, sun ajiye shi a sarari yana shan iska. 'Yan'uwana matasa, in za ku zaɓi akwati ku duba zafin ɗakinku kafin ku duba kyansa, kada ku yi wa wuta dabara da wayar jona, kuma in mai sana'a ya ce ba zai sa hannu ba, ku tsaya ku saurare shi. Amma babban kuskurena tun kafin in shiga kasuwa na yi shi, ranar da na auna sif da zare. Ban zaɓi akwatin da ya dace da kayana ba, na zaɓi wanda ya dace da ƙaryata. In kana da abin da kake ɓoye wa mutanen gidanku, ka sani wata rana za a iya ba ka zaɓi tsakanin asirinka da lafiyarsu, kuma kada ka ɗauka ka san wanda za ka zaɓa. Ni ma da cewa nake na sani. Yau shekara biyu ke nan, yatsun Baba uku ba sa lanƙwasuwa. Kullum da daddare a kwano ɗaya muke cin tuwo, ni da hannu, shi da cokali, kuma bai taɓa sake tayar da maganar ba.