Littafin da Nafisa ta kife

Jama'a, yau Malama Rabi ta ci amanata a gaban ɗalibaina.

'Yan matan ajina a Bungudu ba sa iya faɗin damuwarsu da baki. Sai muka yi yarjejeniya: wadda abu ke ci wa rai ta kife littafinta a gefen tebur, ni kuma in neme ta a keɓe. Rabi kaɗai na faɗa wa, don kullum mota ɗaya muke shiga daga Gusau.

Yau darasina ke bin nata, ina jira a bakin ƙofa. Sai na ji ta ce, "Ke Nafisa, kin kife littafi. Tashi ki gaya wa aji matsalarki."

Na faɗa ciki. "Haba Malama, sirri ne fa!"

Ta yi dariya. "Wane sirri? Shagwaɓa kike koya musu."

Nafisa ta juya littafin, ta sunkuyar da kai. Wasu uku da su ma suka kife nasu suka juya su a hankali.

Ni da na saba karanta damuwarsu a fuska. Yau har aka tashi ba wadda ta bari na ga tata.