Gidan Zanzaro a Injin Jiratawa

Maman Lawali ya shekara ashirin yana gyaran rediyo a Sabon Garin Maraɗi kafin sana'ar rediyo ta mutu ta bar shi da rai. Sai ya koma ordinatar, wato kwamfuta. Bai taɓa zama lekol ɗin kowa don koyonta ba. Ya ce shi dai in abu yana cin wuta, to su biyu za su fahimci juna.

Wata Laraba Filimon, sakataren ƙungiyar manoman rani ta Jiratawa, ya sauka daga kabu-kabu rungume da ordinatar kamar mai kai jinjiri asibiti. Cikinta jerin rabon ruwa yake: wa zai sha Litinin, wa zai jira Alhamis. Gobe za a buɗe ruwa. In babu takarda, manoma ɗari biyu kowa zai rantse shi ne na farko, kuma wuyan Filimon za a shaƙe.

"Baba Lawali, ta mutu. Sun ce in sayi sabuwa."

"Su wa? Likitocin zogale? Ajiye ta nan."

Ya canza waya, ya gwada a wani soket. Ya danna. Fitila ta kawo, ordinatar ta ɗan yi gurnani, ta ɗauke. Ya sake, ya kara kunne a jikinta.

"Matacce ba ya gurnani. Yaushe rabonka da kunna ta?"

"Tun faɗuwar damina muka rufe ƙofar biro."

"Da taga a buɗe, ko?"

Filimon ya sosa ƙeya.

Maman Lawali ya kwance murfin, ya leƙa, ya yi dariya har da tari. Zanzaro ya yi ginin laka ɗaki uku a kan fankar da ke sanyaya injin, ta kasa juyawa.

"Ɗan haya ka samu, Sakatare. Injin ya ƙi tashi ne don kada ya ƙone. Ya fi ka hankali."

Ya ɓamɓare ginin da tsinke, ya hure ƙasar, ya juya fankar da yatsa. Da ya danna, ta yi ƙara ɗaya, allo ya haska.

Filimon bai ko zauna ba. Ya nemo jerin, ya sa aka buga mashi kofi huɗu a shagon maƙwabci, ya cusa su cikin riga.

"Wannan karon," in ji shi, "a jikin famfo zan manna su."