Damina a Ƙofa, Gidan Inna Babu Rufi

Ko zan manta komai na zamana a Jidda, ba zan manta makon nan ba, makon da na wayi gari ina da labule kala shida, da kafet mai laushi, da fitilar ado mai hawa uku, amma gidan da za a saka su ba shi da rufi. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in kama dariya ni kaɗai, yara su riƙa leƙo ni suna tambaya ko lafiya.

Lokacin ina aikin jinya a wani asibiti, shekarata ta huɗu da iƙama, wato takardar izinin zama, a hannu, ina zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Safa. Gidanmu na Kano kuwa, bayan rasuwar Baba na sayi kason 'yan'uwana, takarda ta koma sunana, Inna tana ciki abinta. Tsohon gida ne, rufinsa yana ɗan yoyo a kusurwa biyu, amma robobi biyu na tara ruwa sun ishe shi duk damina. Ni ce dai idona ya buɗe. Kullum in na fito aiki ina ganin gidajen mutane, sai na fara jin bai kamata uwar mai aiki a Saudiyya ta riƙa kwana da roba a gefen gado ba.

Da na je hutu Kano sai na shiga wani banki, irin wanda ba ya cin kuɗin ruwa. Wani ma'aikaci mai fara'a ya zaunar da ni ya yi mini bayani mai daɗi. Zan ajiye takardar gidan a wurinsu, su kimanta darajarsa, su ware mini wani adadi. Duk sanda nake son kayan gini sai in yi magana, su saya su sayar mini, in riƙa biya a hankali daga albashi. Ya ce, “Hajiya, ki ɗauka kuɗin nan naki ne, ajiya kawai kika ba mu.” Wannan maganar ce ta kashe ni. Takardu shafi nawa ne ma, ban karanta ko rabin na farko ba, na rattaba hannu ina murmushi har da yi masa addu'a.

Kashin farko ya fito lafiya lau, aka sayi bulo da siminti. Shirin shi ne a kware tsohon rufin gaba ɗaya, a ƙara wa bango tsayi, a ɗora sabon kwano mai launi. Yayana, wanda ke kula da aikin, ya bugo mini waya ya ce, “Ke, ki bari mu ga katako da kwano a ƙasa kafin a kware. Bazara fa ta yi nisa.” Na ce, “Haba Yaya, banki ne fa, ba adashen mata ba. A kware!” Ya ce to tsohon kwanon fa, a ajiye? Na gyara zama a kujera na ce a rabar wa maƙwabta sadaka. Wallahi har yanzu ina jin yadda na faɗi kalmar “sadaka” ɗin nan, da wata irin murya ta masu kuɗi. Kafin la'asar ko guntu bai rage ba, wani ya rufe kejin kaji, wani ya yi rumfar shago.

To ni kuma ina da 'yan kuɗin da na daɗe ina tarawa, waɗanda asalinsu don rufin nan na tara su. Da na ga banki ya ɗauke mini nauyin rufi, sai kuɗin suka fara yi mini ƙaiƙayi a hannu. Duk ranar hutuna sai kasuwa. Na fara da labule. Daga labule na koma kafet, daga kafet na koma kujerun ƙasa irin na Larabawa, da famfo mai ruwan zinare, da madubi dogo, da agogon bango mai kiran salla. Na ƙarshe kuma gwarzonsu ita ce najafa, wato fitilar nan ta rufi mai ɗigogin gilashi suna reto. Ranar da na saye ta ban iya cin abinci ba don murna. Na jingine ta a falo na kunna hasken waya a ƙarƙashinta, na kira Inna ta bidiyo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Wannan kuma ci ake yi ko sawa?” Na ce fitilar falonki ce, Inna. Ta ce, “Allah Ya sa albarka, amma ni yanzu rana ce fitilata, tun asuba take shigowa ba sallama.”

Inna fa ta ƙi barin gidan. Yaya ya yi, ya yi da ita ta koma wurinsa kafin a gama aiki, ta ce ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki ba za ta bar shi don leburori ba. Aka ɗaura mata tabarma da wani tsohon zani a saman gado saboda rana, kayanta da buhunan hatsinta duk suna nan a fili.

Ranar wata Lahadi ina tsaka da aiki saƙo ya shigo wayata. Na ɗauka sanarwar fitar kashi na biyu ce, na kuɗin katako da kwano, har na fara murmushi. Sai na ga wai saboda ambaliyar da aka yi bara a yankin gidanmu na Kano darajar gidaje ta sauka, don haka sun dakatar da duk wani sabon ɗauka har sai an sake kimantawa. Na karanta sau uku. Na shiga ɗakin ajiye magunguna na kira ma'aikacin nan mai fara'a. Na ce, “Malam, ko kwabo ban taɓa jinkirta muku ba!” Ya ce ya sani, ba laifina ba ne, kowa a yankin abin ya shafa. Na ce ai kai ka ce kuɗina ne. Ya yi 'yar dariya ya ce yana cikin takardar da na sa wa hannu, shafi na kaza, suna da ikon dakatarwa. Na ce sai yaushe? Ya ce wataƙila wata uku. Na ce, “Bawan Allah, uwata tana kwana a gida babu rufi!” Ya ce Allah Ya kyauta, kuma abin da na riga na ɗauka a ci gaba da biya kamar yadda aka saba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, takardar gidan tana hannunsu, ba zan iya kai ta ko'ina in nemi wani taimakon ba. Albashi saura mako uku, kuma ko ya zo ba zai yi rabin rufin ba. Na kira Yaya na ce ko a karɓo tsohon kwanon. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “In je in kware kejin kajin mutane in ce mai sadaka ta fasa?” Na ce to a rufe ɗakin Inna kaɗai. Ya ce kafinta ya ce rufin da na zaɓa da kaina haɗe yake, ba ya yankuwa. Sannan ya ƙara da cewa an yi ruwan farko a ƙauyukan kudu.

Da na tashi aiki ban zarce gida ba, sai unguwar Waziriyya, wurin wata dattijuwa da kowa ke ce wa Gwaggo. Umara ta kawo ta shekaru da yawa da suka wuce, ta zauna, tana sayar da turare da atamfa da duk abin da ido ya gani. Babu bikin da za a yi tsakanin Hausawan Jidda ba ta san abin da uwar amarya ke nema ba. Na ba ta labari ina kuka. Maimakon ta lallashe ni sai ta tuntsire da dariya, ta riƙe ciki, har mayafinta ya zame. Ta ce, “Ya binti, 'yata, kin sayi fitilar rufi kafin rufi? A ina za a rataye ta, a jikin gajimare?” Ban san lokacin da kukana ya koma dariya ba. Da ta nutsu ta ce, “Halas, ya isa haka, share hawayenki. Juma'a bayan la'asar ki dafa shayi mai yawa. Yalla, tashi.”

Juma'ar nan ba zan manta ta ba. Mata suka cika mini gida, daga Waziriyya, daga Aziziyya, har da wasu da ban taɓa gani ba, takalma sun kai bakin matattakala. Gwaggo ta sa aka kira Yaya ya faɗi kuɗin bandir ɗin kwano da na katako, ta juya shi zuwa riyal a kanta, ta hau kan kujera ta zauna kamar alƙali. Ashe gwanjon kayan da na tara ta shirya. Daga nan ta daina kiran kaya da kuɗinsu. Ta ɗaga labulen nan ruwan zuma ta ce, “Wannan rabin bandir ne, wa zai rufe wa tsohuwa rabin ɗaki?” Mata suka kwashe da shewa. Kafet ya tafi a bandir biyu. Famfo mai ruwan zinare ya zama ƙusa. Wata mata ta taya madubi da arha, Gwaggo ta ce, “Ke, da wannan tayin naki ai ƙafafun tsohuwa a waje za su kwana!” Matar ta ƙara kuɗi tana dariya. Wata 'yar haihuwar Jidda, wadda Hausarta ba ta fita sosai, ta rungume agogon bango tana ta zuba Larabci, ta biya ba tayi. Ni kuwa ina zagayawa da butar shayi, duk abin da aka ɗauka sai in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina, sai kuma a yi wata maganar in fashe da dariya. Asara nake yi ƙiri-ƙiri, kusan komai ƙasa da yadda na saya ya tafi, amma ban taɓa jin kaina ya yi sauƙi irin na ranar ba.

Abu ɗaya na ɓoye. Tun da safe na ja najafa na kai ta banɗaki, na lulluɓe ta da zanin gado, na kulle ƙofa. Da Gwaggo ta tambaya na ce ai na mayar wa mai shago. Ta kalle ni ta gefen ido. Da aka gama aka haɗa lissafi, katako ya samu, ƙusa ta samu, kuɗin kafinta ya samu, kwano kuma saura bandir uku. Na ce ba komai, albashi ya kusa, sai a cika. Ina rufe baki Yaya ya turo bidiyo. Ya ɗauko tsakar gidanmu, bango tsirara, sama ta gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana kaɗa zanin da aka ɗaura a kan gadon Inna. Ita kuma ga ta can tana ta fama da buhun gero ita kaɗai, tana jan sa zuwa ƙarƙashin gado.

Na ajiye buta, na ɗauko makulli, na buɗe banɗaki, na jawo ta har tsakiyar falo na yaye zanin. Matan suka ɗauki salati. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, “Ashe mai shagon a banɗaki yake zaune!” Wata mai shirin aurar da 'yarta ta saye ta nan take. Da za a fita da ita gilasan suna ta ƙara, na bi ta har bakin ƙofa kamar mai rakiyar amarya, matan suna ta tsokanata.

A daren aka tura kuɗi, hadarin ranar kuma Allah Ya taimake mu ya watse da iska. Kafinta da mutanensa suka yi kwana biyar a sama. Ni a nan waya ba ta bar hannuna ba, ina duba hasashen yanayin Kano fiye da yadda nake duba marasa lafiya. Rana ta shida da hantsi, ina wurin aiki, Inna ta kira. Na ɗauka na yi sallama, ba ta amsa ba. Sai na ji wata ƙara ta cika wayar, ƙarar ruwan sama a kan sabon kwano, mai ƙarfi, ba ƙaƙƙautawa. Ta bar ni na saurara har na gaji don kaina. Sannan ta kawo wayar bakinta ta ce, “Kin ji? Ko ɗigo ɗaya. Allah Ya yi miki albarka.” Na zauna a ƙasa cikin kayan aiki, ina kuka ina dariya, abokan aikina suka taru a kaina suna tambaya ko rasuwa aka yi.

Bayan wata huɗu banki ya turo saƙo mai daɗi, wai an sake buɗe mini damar ɗauka, har suna taya ni murna. Ban ɗauki ko sisi ba. Na lallaɓa na gama biyan na farko, na karɓo takardata, na kai wa Inna ta sa a ƙasan adakarta. Ƙwan lantarki ɗaya ne a falon nan har ta koma ga Allah, kuma ba ta taɓa cewa bai ishe ta ba.

Tun daga lokacin na gane cewa kuɗin da aka ce an ware maka ba naka ba ne sai ya shigo hannunka, wanda ya buɗe ƙofar yana iya rufe ta ranar da ya ga dama, ko da ba ka yi laifin komai ba. Yanzu ko gyaran taga za a yi a gidana, sai na ga sabuwar a jingine da idona kafin in bari a cire tsohuwar.