Injiniya Mai Aske Ƙugiya

Mijin yayata bai taɓa zama a ajin injiniyoyi ba, ko ta ƙofar makarantarsu ban ji an ce ya bi ba, amma Injiniya kowa yake ce masa. Sunan ya samo asali ne tun yana aiki a wani shagon buga takardu, ranar da injin kwafi ya shaƙe takarda ya ƙi motsi, ya ɗirka masa duka a gefe, injin ya yi tari ya tashi. Mai shagon ya ce, "Kai, ashe injiniya gare mu!" Zolaya ce mutumin ya yi. Shi kuwa ya karɓe ta hannu biyu, har yau bai sauke ba.

Daga baya ya buɗe nasa shagon, wani ɗan lungu tsakanin tela da mai cajin waya. Kwamfuta uku ya jera, ɗaya ce ke aiki, sauran biyun don kwarjini ne. Ya sayi tabarau alhali idonsa ras yake, ya riƙa ɗora shi a kan hanci yana kallon mutane ta sama. Aikinsa buga wa mutane takardun neman aiki da na makaranta, kuma a duk shekarun nan ban taɓa ganin ya sa wa harafi ƙugiya ba. Ƙ da k duk ɗaya ne a wurinsa, haka ɗ da d, haka ɓ da b. In ka yi magana ya ce, "Kowa ai ya gane."

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, mace mai hankali a komai, ban da wannan. Abin da ta gani a jikinsa har yanzu ban gano ba. Na taɓa tambayarta, ta ce yana da zuciyar neman na kansa. Zuciya kam yana da ita. Kan ne Allah bai cika masa ba.

Bayan aurensu ya fara kallon bidiyon koyon rubuta manhaja a waya. Kafin wata ya zagayo bakinsa ya canza. Duk matsalar da aka kawo, ko ta famfo ce, sai ya ce, "Wannan ai layi biyu ne," wai layi biyu na rubutun manhaja sun ishe ta. Ya taɓa ce wa Mama zai rubuta mata manhajar da za ta riƙa tuna mata lokacin shan magani. Mama ta ce ciwon yana tuna mata, ta gode.

Babanmu malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Tun muna yara yake tara kalmomi. In yana hira da direba ko mai gyaran takalmi ya ji kalmar da ta yi masa daɗi, sai ya zaro kati daga aljihu ya rubuta ta, da ma'anarta, da jimlar misali, da wanda ya ji ta a bakinsa. Da ya ajiye aiki, wani tsohon ɗalibinsa ya ba shi kwamfuta, ya saita masa yadda zai riƙa buga haruffa masu ƙugiya. Baba ya zauna da yatsu biyu ya shigar da katunan nan kaf, shekara da shekaru. Fayilolin suka taru, ba a jere ba, yadda katunan suka zo hannunsa haka suka shiga. Ƙamus yake son yi. Ba mu taɓa jin ya ce yana son mota ko bene ba, wannan kaɗai yake so.

Lokacin da muka tashi daga tsohon gida, Injiniya ne ya tsaya a kan kwalayen katunan yana toshe hanci. Ya ce gara ta fara ci, za su kwaso mana kyankyasai zuwa sabon gida, kuma ai komai yana cikin kwamfuta da filas, ɗan abin nan da ake soka mata a adana fayiloli. Baba ya ce to. Aka bar su a can, masu shara suka kwashe.

Sai idon Baba ya fara tafiya. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce abin ba mai dawowa ba ne, sai dai a rage masa gudu. A daidai lokacin wani mai ɗab'i ya ce zai buga ƙamusun, amma a kawo masa shi a jere daga a zuwa z, kuma a cire duk kalmar da ta maimaitu, don Baba da kansa ya san a tsawon shekarun nan ya rubuta wasu sau biyu. Abin da Baba yake roƙo kawai shi ne ya riƙe littafin a hannu, ya ga baƙin rubutunsa, kafin hasken ya ɗauke. Na ce zan zauna in jera masa da hannu, ko zai ɗauke ni shekara.

Injiniya ya zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin tabarma, ya ji zancen.

"Baba, ai wannan ba aikin hannu ba ne. Auta za ta wahala a banza. Manhaja zan rubuta, ta karanta fayilolin duka, ta rarrabe kalma da ma'ana, ta jera su, ta cire maimaici, har ta ƙirga muku komai."

"Za ta iya kuwa, ɗan nan?"

"Layi biyu ne, Baba."

Ya ɗauki kwamfutar da filas ɗin ya tafi da su shago.

In faɗi gaskiya, manhajar farko da ya kawo ta yi wani abu. Kalmomin sun jeru. Baba ya kafa madubin ƙara girman rubutu a kan takardun gwaji yana bi a hankali, har ya kai ƙarshe, sai ya ɗago.

"Ɗan nan, ya na ga ƙafa ta koma bayan zomo?"

Ashe kwamfuta ba ta san gurbin haruffanmu ba. Duk kalmar da ta fara da ƙ ko ɓ ko ɗ ta tattara ta ta jibge a bayan z, kamar baƙin da aka rasa inda za a zaunar da su. Baba ya yi masa bayani yadda yake yi wa 'yan aji ɗaya: ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, kowace da nata babin. Injiniya yana gyaɗa kai tun kafin Baba ya kai rabi.

"Ƙaramin abu ne, Baba. Na gane."

Abin da ya gane, daga baya da bakinsa ya bayyana mana, yana alfahari. Mai hankali zai koya wa manhajar jerin haruffan. Shi sai ya ga hanya mafi sauƙi: tun da ƙugiyar ce ke rikita masa jeri, a aske ta. Ya sa manhajar ta mayar da kowace ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ta kuma share 'yar alamar nan da ake ɗorawa a saman layi a kalmomi irin su sa'a da 'ya'ya, wai datti ce. Bayan nan ne ta bi ta cire maimaici. Duk inda ta ga kalma biyu iri ɗaya, ta bar ta farko, ta goge ta biyun da ma'anarta da misalinta. Da ya gama, don tsabar tsafta, ya ɗora sabon aikin a kan tsofaffin fayilolin, ya goge sauran don kada su rikita Baba. Filas ɗin ma ya share shi ya zuba sabon, wai don su zama daidai.

Ran da ya dawo da kwamfutar har da taro ya haɗa a falo. Ya buɗe wasu zane-zane masu launi yana nunawa da biro: ga harafin da ya fi yawan kalmomi, ga kalma mafi tsawo, ga mutanen da Baba ya fi jin kalmomi a bakinsu. Sannan ya gyara tabarau.

"Sai dai fa Baba, maimaicin ya yi yawa. Ɗaruruwa na cire. Musamman wajen k da d, abin ba a magana."

Baba ya sunkuyar da kai. "Tsufa ne, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka, ka rufa mini asiri."

Wannan godiyar ita ce har yau in na tuna nake jin zuciyata tana tafasa. Lokacin idon Baba ya riga ya kai inda ko da madubi ba ya bambance k da ƙ. Yaya tana gefe tana murmushi, mijinta ya yi abin kirki. Injiniya bai jira kowa ba, ya tura wa mai ɗab'i, ya ce a ɗaure kwafi ɗaya na gwaji a kawo wa tsoho ya gani.

Littafin ya iso da hantsi. Bango mai kauri, shuɗi, da sunan Baba a gaba. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya shafa, ya kai hanci ya shinshina, ya ɗaga shi saitin taga yana ƙyafta ido. Mama ta fita tsakar gida don kada a ga hawayenta. Injiniya ya zo da Yaya, ya zauna a kujera ya harɗe ƙafa.

"Auta, karanta mini," in ji Baba.

Na buɗe tsakiya na fara. Mai karanta Hausa bakinsa yana mayar da ƙugiya da kansa, don haka na yi layuka ina karantawa lafiya lau. Sai da na zo misalin da ke ƙarƙashin karye na ga an rubuta cewa yaro ya faɗo daga bishiya kashinsa ya karye. Na tsaya. Na duba sama, na duba ƙasa. Babu ƙugiya ko ɗaya a shafin.

"Nemo mini ƙasa," Baba ya ce. "Na daɗe a kanta. Shafi guda na ba ta."

Na bi k har ƙarshe, sai na faɗa l.

"Duba bayan k, Auta. Tana da babinta."

"Babu babin, Baba."

Na koma cikin k na samo kasa. Layi biyu ne: gazawa, rashin iya abu. Na karanta masa. Ya ce, "Ƙafa fa?"

"Kafa ce kawai. Kafa rumfa."

"Ƙashi?"

"Babu."

"Baƙi? Saƙo? Ƙaya?"

Ina buɗewa ina ce masa babu. Baki yana nan, sako yana nan, kaya yana nan. Muryarsa ta yi ƙasa sosai da ya ce, "Ɗa?"

"Da" kawai na samu, wadda ake cewa ni da kai. Daga nan bai sake tambaya ba.

Injiniya ya sauke ƙafa, ya matso. Ko a fuskarsa babu alamar ya san abin da ya aikata. Nan ya zayyana mana dabararsa tiryan-tiryan, ya ƙare da cewa, "Ai ba wani abu ba ne, Baba. Kowa ya gane. Waɗanda suka fita kuma ku tuno su ku faɗa, ni in buga. Yini ɗaya ya isa."

"Ina tsofaffin fayilolin?" na tambaye shi.

"Na sabunta su."

"Filas ɗin fa?"

"Shi ma. Ke Auta, ba ki san aikin kwamfuta ba, ba a barin abu biyu suna karo da juna."

Yaya ta ce, "Don Allah ka yi shiru." Ban taɓa jin ta faɗa masa haka a gaban mutane ba.

Baba ya rufe littafin, ya miƙo mini. Ya ce a fitar masa da shi daga ɗaki.

Mun kai kwamfutar wurin masu gyara na gaske, suka ce an riga an yi rubutu a kan wurin, abin da suka tsamo guntaye ne marasa kai da gindi. Na zauna da Baba watanni, ina bin k da d da b ɗaya bayan ɗaya, ina furta kowace da ƙugiya mu ji ko akwai 'yar'uwarta da ta ɓace. Kalmar yakan tuna. Amma ma'anar da ya tsara, da misalin, da direban da ya faɗa masa ita shekara talatin da suka wuce, waɗannan sun tafi. Yakan fara jimla ya tsaya a tsakiya, ya ce ba haka ya rubuta ba. Wata safiya ya ce in bari haka nan. Kafin shekara ta ƙare hasken ya ɗauke gaba ɗaya, ƙamusun kuma ba a buga shi ba.

Injiniya yana nan lafiya, har ya yi ƙiba. Ya ƙara allo a saman shago cewa ana rubuta manhaja. Kwafin gwajin nan da Yaya ta tafi da shi gida don kada Baba ya riƙa cin karo da shi, ya ɗauko ya sa a cikin gilashi kusa da ƙofa, yana nuna wa masu zuwa a matsayin aikinsa.

Kwanan baya na je karɓar saƙon Yaya, na tarar ya ciro shi yana nuna wa wani mutum. Mutumin ya buɗe shafin farko, inda Baba ya sadaukar da aikin ga 'ya'yansa, mu ke nan, ni da Yaya. Baba ya rubuta "Ga 'ya'yana." Manhajar ta share alamomin. Mutumin ya karanta a fili, "Ga yayana," ya girgiza kai.

"Allah sarki. Ashe tsohon yana ji da wansa."

Baba shi ne ɗan fari a gidansu, bai taɓa yin wa ba.

"Sosai ma," in ji Injiniya, ya karɓi littafin ya mayar cikin gilashi.