'Yar Ƙofar da ke Jikin Katanga

Muna cikin duba wani gida a Daurawa ni da maigidana, dillali yana ta zuba, sai idona ya faɗa kan wata 'yar ƙofa a jikin katangar tsakar gida. Ko tsayina ba ta kai ba, kuma babu kwaɗo.

Shekara tara muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Wannan ne gida na farko da ya yi daidai da ƙarfinmu, ga shi kusa da asibitin da nake aiki. Amma ƙofar nan ta tsaya min a rai.

Na tambayi mai gidan, wata dattijuwa da za ta koma wurin ɗanta a Dutse: "Hajiya, wannan ina ta ɓulla?"

Ta ce, "Gidan Inna Talatu. Idonta ya tafi, 'ya'yanta duk suna nesa. Ta nan nake miƙa mata abinci, ta nan take kirana in jikin ya motsa. Mutum biyu sun zo saye, kowanne ya ce zai toshe ta. Na ce a bar cinikin."

Maigidana ya kalle ni. Gaskiya ni gida mai sirri nake so.

Na ce, "Hajiya, mu shiga mu gaishe ta tukuna."

Inna ta riƙe hannuna gam, ta tambayi sunana har sau biyu don kada ta manta.

Wata huɗu ke nan da tarewarmu. Jiya na dawo daga aiki, na tarar da yarana a ɗakinta tana biya musu karatu da ka.

Ku fa, za ku iya sayen gida haɗe da amanar maƙwabciya?